Sharhi: bin sunayen titunan Perth da tsofaffin taswirori

Laburaren ƙasa na Sikotilan ya zuba dubban tsofaffin taswirori a intanet kyauta, kuma ga mai son sanin asalin sunayen tituna, samun kamarsu sai an tona. Na gwada su a kan garin Perth na Sikotilan.

Aikin ba wuya. Ka rubuta sunan gari, ka zaɓi taswirar da aka ɗora a kan ta yau, sannan ka riƙa jan ɗan madannin da ke dusasar da tsohuwar har sabuwar ta bayyana a ƙarƙashi. A kwamfuta ya fi daɗi. A waya rubutun ya yi ƙanana, ga cin data.

Taswirar hukumar safiyo ta 1860 ita ce gwana, don awonta 1:500 ne, har lungun da bai fi faɗin mutum biyu ba an sa masa suna. A Perth "vennel" suke kiran lungu. Fleshers' Vennel na mahauta ne, Baxters Vennel na masu gasa burodi, Skinnergate kuwa layin majema, kamar dai yadda Dukawa da Marina suka samo suna a Kano. Meal Vennel, lungun masu sayar da garin hatsi, yanzu rukunin shaguna ya haɗiye shi, sai a takarda.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne kalmar "gate". Ba ƙofa take nufi ba, hanya ce, daga harshen mutanen arewacin Turai na da. Ƙofar ganuwa "port" ake ce mata. Wanda ya shiga neman ƙofa a Watergate zai sha yawo a banza. Haka Blackfriars Street: ginin 'yan zuhudun da ya ba titin suna, inda aka kashe Sarki James na Ɗaya na Sikotilan a 1437, an rushe shi tun 1559, saura suna kawai.

Taswira suna take nunawa, ba ta faɗin ma'ana, don haka sai da ƙamusun Scots, harshen Sikotilan mai kama da Turanci, a gefe, a kuma gwada rubutu biyu, "gate" da "gait". Taswirar da mai safiyo John Wood ya yi a 1823 kuma ba ta zama daidai a kan ta yau, saboda awon lokacin bai kai ba. A daidaita ido da cocin St John's, shi bai gusa ba.