Khal ɗin Modena mai shekara 12, ya ci kuɗinsa kuwa?

'Yan uwa mata na Jidda masu tambayata kan baƙin khal ɗin Italiya ɗin nan, balsamik, ga abin da na gani. Kala biyu ne a kasuwa kuma wallahi ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Wanda ke cike da manyan kantuna an rubuta mai IGP, wato tambarin Turai mai nuna yankin da aka yi kaya, shi wannan ruwan 'ya'yan inabi ne aka haɗa da khal ɗin inabi, wani ma har da ƙonannen suga don yai baƙi, kuma kwana 60 kawai doka ta ce ya kwana a ganga, in yai shekara 3 sai su rubuta invecchiato, wato wanda ya daɗe. Ba laifi, ya isa salak.

Ɗayan kuwa, mai DOP (tambarin da ya fi IGP tsauri) da kalmar Tradizionale, wato na gargajiya, shi na samo a wani shago wajen titin Tahliya, 'yar kwalba mai tumbi mil 100 kacal, tsada kam ba a magana. Ƙananan gidaje ne a Modena, wani gari a Italiya, ke yin sa, su dafa ruwan inabin Trebbiano ko Lambrusco har yai kauri sannan su zuba a jerin gangunan katako daga babba zuwa ƙarama, kowace da icenta, akwai na ceri akwai na oak, a ɗakin sama ƙarƙashin rufi inda zafin bazara ke ƙafar da shi sanyin hunturu kuma ya kwantar da shi, duk shekara a ɗebo kaɗan daga ƙaramar a cike ta daga wadda ke gabanta, haka haka har shekara 12 aƙalla. Mai shekara 25 shi ake rubuta wa extravecchio, wato tsoho sosai.

Da na ɗiga a cokali sai da ya tsaya yana sheƙi kamar zumar da ta daɗe, tsamin baya dukan hanci, zaƙi ke fara zuwa sannan ɗanɗanon busasshen inabi da ƙamshin ice. Na sa ɗigo uku kan gasasshen naman rago bayan na sauke, maigida ya ɗauka wani sabon yaji na haɗa. Kan mangwaro ma yai daɗi sosai.

To amma don Allah kar ki ɓoye shi a kabad wai ya ƙara nuna, nunarsa a ganga take, daga ranar da ya shiga kwalba ya gama. Ki dai rufe shi da kyau ki nisanta shi da murhu, kin san zafin garin nan. Kar kuma ya shiga tukunya, wuta kashe ƙamshin take yi, asara ce zalla.

Batun halasci, hadisin yabon khal yana cikin Muslim, sai dai malamai sun yi saɓani kan wanda aka juya daga giya da gangan, kowa ta tambayi malaminta kafin ta saya. In girkin yau da kullum ne ki ɗau mai IGP, mai DOP sai ranar baƙi.