Hattara da 'yan kamashon alharini a Kanchipuram

Jama'a, musamman masu kai marasa lafiya asibitocin Chennai da ɗalibanmu da ke Indiya, a kula. Idan an samu sarari akan ce bari a leƙa Kanchipuram, tafiyar kilomita 70 da 'yan kai daga Chennai, a ga tsoffin gine-ginen ibadar Hindu irin su Kailasanathar da sarakunan Pallava suka gina wajen ƙarni na 8, a kuma sayo alharinin garin na tsaraba ko na lefe. To a wajen sayayyar nan ake yi wa baƙi sakiyar da ba ruwa.

Kafin ka gama kallo, wani zai manne maka, ko kuma direban da ya kawo ka ne ma da kansa. Zai ce ya san shagon ƙungiyar masaƙa, babu tsada. Sai ya kai ka wani shago mai allon da sunansa ya yi kama da na ƙungiyoyin gaskiya, a zaunar da kai, a kawo shayi, a yi ta baje yadudduka har kunya ta hana ka tashi hannu rabbana. La'adarsa tana cikin kuɗin da za ka biya. Abin takaicin ma, sau da yawa kayan roba ne aka saƙa da inji, zaren gwal ɗin bakin kuma jan ƙarfe ne ko leda, alhali na ainihi azurfa ce aka shafe da zinare.

Ga yadda za ka gane. Nemi tambarin Silk Mark, shaidar cewa alharini na gaskiya ne, wanda aka fito da shi a 2004 a ƙarƙashin hukumar alharini ta ƙasar. Juya bayan yadin: a saƙar hannu ta gargajiya daban ake saƙa baki a harɗa shi da jiki, za ka ga mahaɗar. Sannan ka ce a zaro maka zare ɗaya a ƙona. Alharini ƙaurin gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Mai shagon da ya fara kame-kame a nan, ɗauki jakarka ka fita.

Kar ka faɗa wa direba cewa sayayya za ka yi. Ka nemi shagon Co-optex, wato babbar ƙungiyar masaƙan hannu ta jihar, ko na ƙungiyar masaƙa mai rajista da kanka, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shagon.