Gahawar Landan da shagon da kake son buɗewa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara da kasuwa. Ka ce in duba maka yadda ake sana'ar gahawa a nan Landan kafin ka zuba kuɗinka a shagon nan na Zoo Road. To na zaga, na sha har barci ya fara yi mini wuya, ga abin da na gano.

Akwai manyan kamfanoni irin su Costa da Starbucks, kusan duk babbar tashar jirgin ƙasan da ka sauka za ka tarar da su. Ba su nake nufi ba. Waɗanda suka ɗauki hankalina ƙananan shaguna ne masu soya gahawarsu da kansu, ko su saro ta wurin masu suya na musamman. Monmouth na cikin tsofaffinsu, tun 1978 suke, kuma ranar Asabar layin shagonsu na kasuwar Borough har bakin titi yake kaiwa, ko ana yayyafi. Akwai kuma Square Mile da aka kafa a 2008. Ɗaya daga cikin masu shi, James Hoffmann, shi ya ci gasar haɗa gahawa ta duniya a 2007. E, gasa ake yi, da alƙalai da komai.

Mu a gida idan aka ce kofi, garin nan na cikin leda ake nufi, a zuba a ruwan zafi ya narke. Yawancinsa daga irin da ake kira robusta ne, mai ɗaci da bugun kai. Su kuwa arabica suke nema, wadda ke son tsauni da sanyi. Masu ɗanɗano ne ke ba ta maki, kuma sai ta kai 80 cikin 100 kafin a sa ta a sahun ta musamman. A jikin kowace jaka za ka ga sunan ƙasa, da yanki, da tsayin gonar daga teku, da yadda aka ɓare 'ya'yan, ko an wanke su ko an shanya su da ɓawonsu, da ranar da aka soya. Wani lokacin har sunan manomin. Na sayi ta Yirgacheffe ta ƙasar Habasha, giram 250 a kan sama da fam 10. Ka kai lissafin Wapa su gaya maka nawa ke nan a naira, amma ka zauna tukuna kafin su faɗa.

Gaskiya ɗanɗanon ya bambanta. Na sha ta ba sukari ba madara, na ji ɗan tsami-tsami kamar an matsa lemo, ga ƙamshin fure, ɗacin kuwa kaɗan. Ranar farko ban so ta ba. Yanzu na saba, sai dai har yau idan sanyi ya matsa, haɗin kauri nake marmari.

An bar ni na leƙa wurin suya a gabashin gari, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ɗanyar gahawa kore-kore ce, ba ta da wani ƙamshi. Ana juye ta a wata ganga mai juyawa a kan wuta, zafin ya haura digiri 200, cikin kamar minti 10 sai ka ji ta fara ƙas-ƙas kamar gyaɗa a yashi. Daga wannan ƙarar mai suya yake ƙirga daƙiƙoƙi, idonsa a kan kwamfuta, hancinsa a kan ɗan cokalin da yake zaro samfur da shi. Ya ɗan makara ta ƙone, ƙamshin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi. A shago ma haka: mai haɗawa zai auna giram 18 a sikeli, ya niƙa nan take, ya danna, inji ya tura ruwa da ƙarfi, cikin rabin minti ya tsiyaye ɗan abin da bai cika kofin ataya ba. Idan bai yi masa ba sai ya zubar ya sake. Ruwan famfonsu ma sai an tace, saboda ruwan Landan yana da farar ƙasa mai toshe inji da ɓata ɗanɗano.

A wajen kaya ke nan, kuma nan sun fi mu, ba gardama. A wajen hulɗa da mai saye kuwa ban yarda ba. Kofi ɗaya mai madara ya kusa fam 4, ka bi layi, ka taɓa kati, don da yawansu ba sa karɓar tsabar kuɗi, a kira sunanka, ka ɗauka. Idan madarar waken suya kake so wasu sai sun ƙara maka kuɗi. Ka zauna, kowa ya sa kai a kwamfutarsa, kunne a toshe, ka yi awa guda ba wanda ya ce maka ya gajiya. Ƙarfe huɗu ko biyar na yamma sun fara kife kujeru. Ina za ka haɗa da mai shayin bakin layinmu, wanda tun asuba tukunyarsa na kan wuta, kuma sha biyun dare za ka same shi yana sheƙa shayi tsakanin kofi biyu? Ya san wanda ke shan ruwan bunu saboda ciwon suga, ya san wanda ke shansa saboda ƙarshen wata, kuma bai taɓa tona asirin kowa ba. Bashi kuwa a nan ko da wasa ba a ambatonsa.

Abin mamaki, da can su ma majalisa ce. Gidan gahawa na farko a Landan an buɗe shi a 1652 a wani lungu da ake kira St Michael's Alley, kuma da kwabo ɗaya mutum zai shiga ya sha ya ji labarin duniya. Kasuwar inshorar nan ta Lloyd's a gidan gahawar Edward Lloyd ta faro, inda masu jiragen ruwa da fatake ke haɗuwa. Hirar ce suka bari ta kuɓuce musu, mu kuma har yanzu tana hannunmu.

Don haka shawarata, Yaya, kada ka fara da babban inji. Irin na Italiya da suke ji da shi, La Marzocco, dubban fam ne, yana shan wuta ba ƙaramin sha ba, kuma da yadda wutarmu ke zuwa tana ɗaukewa, dizal kaɗai zai cinye ribar. Ya lalace kuma, wa zai gyara? Akwai hanya mai sauƙi da su kansu suke girmamawa: ɗan mazurari da takardar tacewa, da buta, da sikeli, da injin niƙa na hannu. Risho ko gas ya isa. Ka ajiye dabino a gefe, tunda alhazanmu sun riga sun san gahawa da dabino daga Makka da Madina, ba sai ka yi musu dogon bayani ba. Ka sa benci a waje, kada ka rufe kafin sha ɗaya, kuma kada ka kori shayi daga shagon, shi zai riƙe ka kafin mutane su saba. Gahawar da aka soya ba ta son ajiya, ƙamshinta na raguwa cikin 'yan makonni, balle a zafin Kano, saboda haka kaɗan-kaɗan za a riƙa soyawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, duk jakunkunan da na duba na ga Habasha da Kenya da Ruwanda da Burundi da Kolombiya, ban ci karo da Najeriya ba. Alhali arabica tana yi a tsaunin Mambila a Taraba, can wajen Gembu. Cikin direbobin da ke sauke maka kaya a Singa ba za a rasa mai zuwa can ba. Ka sa a samo mana ɗanya ko mudu biyu, busasshiya sosai, wadda ba ta taɓa ƙasa ba wajen shanya, a tambayo sunan ƙauyen da watan da aka tsinke ta. Zan bincika ƙa'idar shigo da ita, in kai wa masu suyar nan su ɗanɗana mu ji makin da za su ba ta.

A gaishe da Hajiya, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.