Maus ko tirakfad, wanne ya fi dacewa da kwamfutar tebur?

Ni dai maus nake riƙewa tun da na fara taɓa kwamfuta, amma wata uku da suka wuce na ɗora tirakfad (faifan da ake shafawa da yatsu a maimakon maus), wato Magic Trackpad na Apple, a teburina, yanzu kuma su biyun na nan gefe da gefe.

Inda tirakfad ya burge ni shi ne yatsu. Ka sa yatsa biyu ka ja shafi ya gangara sumul, ka buɗe su hoto ya girma, ka share da uku ka tsallaka wata manhajar, ga shi baya cin fili tunda a wuri ɗaya yake zaune. Amma fa a kan Mac ne yake wannan daɗin, in Windows kake amfani da ita sai ka nemo direba (manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta) na daban kafin ya yi aiki yadda ya kamata.

Maus kuwa wajen saiti ba a haɗa su. In kana yanke hoto a Photoshop ko jan fayil daga wannan kusurwar allo zuwa waccan, da tirakfad sai yatsanka ya kai bakin faifan fayil ɗin bai isa ba, haushi kamar me. Masu gem kam ba sai an faɗa ba, maus ne kawai. Kuma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Sai dai Magic Mouse ɗin Apple ramin cajinsa a ƙasan cikinsa yake, dole ka kifar da shi kana caji, har yau na kasa gane hikimar. Aiki na tsawon yini ina komawa maus, karatu da yawo a intanet kuma tirakfad.