Kallon besbol na ƙananan ƙungiyoyi: ruwa ya sauko, tikiti ya tafi

Da ƙarfe takwas na daren aka tambaye ni, da na ce duk wanda ke zaune a Amurka ya kwashi iyalinsa ya je kallon besbol na ƙananan ƙungiyoyi, ba sai ya nemi shawarar kowa ba. Da ƙarfe goma saura kuwa, muna tsaye a layin tagar tikiti yara na rawar sanyi, raina ya gama ɓaci.

Filin na wata ƙungiyar Double-A ne, wato mataki na biyu daga sama cikin huɗun da aka tsara tun 2021: Triple-A, Double-A, High-A da Single-A. Ƙungiyoyi 120 ke nan, kowace babbar ƙungiyar MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, tana da huɗu a ƙarƙashinta. Daren Juma'a ne, za a fara bakwai da minti biyar, an kuma yi ta tallan wasan wuta bayan an tashi. Rabin mutanen da suka zo da yara, wasan wutar ne ya kawo su.

Abin da ya fara burge ni shi ne kusanci. Kujerunmu na layi na shida ne a bayan rumfar 'yan wasan gida, wurin da a babban fili ko a mafarki ba ka saye shi da wannan kuɗin. Daga nan kana jin ƙarar ƙwallo idan ta faɗa safar mai cafewa, tas, kamar an fasa busasshen icce, sai allo ya nuna gudunta ya haura mil 90 a awa. Tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 60 ne da inci 6, kuma sai ka zauna a nan za ka gane ƙanƙantar wannan tazarar. Kana ganin jar ƙasa a gwiwar wandon ɗan wasa, kana jin koci yana kiran sunansa. Wanda ya iso minti arba'in kafin a fara, ya tsaya bakin shinge da ƙwallo da biro, da wuya ya koma ba a sa masa hannu ba. Ragar kariya ta miƙe har can ƙarshen fili, siririya ce, bayan ɗan lokaci ido ya manta da ita, amma ƙwallon da aka buga sama tana tsallake ta, don haka kada a bar yaro ya ba fili baya.

Wasan kuma ba ya jan jiki. Akwai agogon jifa, wanda aka baza a dukkan matakan a 2022: a Double-A an ba mai jifa daƙiƙa 14 ya jefa ƙwallo idan babu ɗan wasan da ya buga ya tsaya a ɗaya daga kusurwoyin fili, 18 idan akwai. A shekarar ya rage wa wasa kusan minti 25, shi ya sa MLB ta ɗauke shi a 2023. Na yaba wa agogon nan da bakina. Ashe shi zai kai mu inda aka cuce mu.

Kafin takwas da rabi an gama zagaye biyar daga cikin tara na wasan. Hadari ya riga ya haɗo ta yamma tun zagaye na uku, iska ta sauya, tutocin saman allo suka juya. Baƙi sun fara bugun zagaye na shida ke nan aka yi walƙiya, alƙalin wasa ya ɗaga hannu, 'yan wasa suka ruga rumfa. Sai ga mutum kusan ashirin sun fito da gudu, har da masu rigar ofis da mai sayar da tikiti, domin a ƙananan ƙungiyoyi ma'aikatan fili ba su da yawa, kowa ke kama jan tamfol. Tamfol ɗin a naɗe yake jikin wani ƙaton bututu a gefen fili. Suka gangaro shi, suka kama baki ɗaya suka ja, kowane gefe ya haura ƙafa 150, iska na shiga ƙarƙashinsa tana ɗaga shi kamar za ta tafi da mutanen. Cikin minti biyu ko uku sun rufe. Ɓangaren ƙasa kaɗai ake rufewa, saboda cakuɗen yashi da yumɓu ne, idan ya sha ruwa ya zama taɓo, ita kuwa ciyawar waje tana tsotsewa. Wannan aikin nasu ya cancanci tafin da aka yi musu.

Daga nan komai ya lalace. Aka ce kowa ya bar kujera ya shiga ƙarƙashin rufi saboda tsawa. Daidai ne. Amma barandar da aka tura mu ba a gina ta don ɗaukar dukkan 'yan kallo lokaci guda ba. Dubban mutane a tsaye kafaɗa da kafaɗa, masu keken jarirai sun maƙale, tsofaffi ba wurin zama, feshin ruwa na shigowa ta gefe. Allo ya rubuta an dakatar da wasa, ya tsaya a nan sama da awa ɗaya. Lasifika sai kiɗa. Ko sau ɗaya ba a fito an ce mana ga abin da ake ciki ba. Na tambayi ma'aikata uku. Na farko ya ce za a dawo nan da minti ashirin. Ta biyu ta ce ko an soke wasa za a yi wasan wuta. Na uku ya ce ko me ya faru tikitinmu zai yi aiki wata rana. Babu ko ɗaya da ya zama gaskiya.

Ga ƙa'idar da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa. Wasa zagaye tara ne, amma da zarar an kammala biyar, ko huɗu da rabi idan masu gida ne a gaba, ya zama cikakken wasa a hukumance. Idan ruwa ya tsayar da shi kafin nan, yawancin ƙungiyoyi suna ba ka damar musanya tikitinka da na wata rana a kakar, ba sa dai maido kuɗi. Idan bayan nan ne, ka kalli wasa, an gama da kai. Mu kuwa masu bugu uku na ƙarshe da aka fitar, waɗanda suka cika zagaye na biyar, su ne suka raba mu da tikitin ramuwa. Kafin a fara wasa ƙungiyar gida ke yanke shawarar yi ko fasawa, da an fara kuwa magana ta koma hannun shugaban alƙalai, kuma doka ta ce sai ya jira aƙalla minti 30 kafin ya soke. Duk wannan ma'aikatan sun san shi ko ya kamata su sani. Da an faɗa mana tun tara saura cewa wasa ya riga ya cika, masu ƙananan yara da sun kama hanya.

Ruwan ma ya tsagaita wajen tara da kwata, mutane suka fara goge kujeru. Ban zargi alƙalai da ƙin dawowa ba, don na san abin da ke gaba. Sai an zubar da ruwan saman tamfol can cikin ciyawa, a naɗe shi, a farke buhunan gasasshen yumɓu a barbaɗa inda ya jiƙe, a bi da manjagara, a sake gyara tudun mai jifa da layukan fari. Wannan kaɗai rabin awa ne ko fiye. Sannan mai jifan da ya zauna awa guda hannunsa ya huce, babbar ƙungiyar da ke biyan albashinsa ba za ta yarda a mayar da shi ba. A wannan matakin renon ɗan wasa ya fi sakamakon dare ɗaya muhimmanci, kuma ƙungiyoyin biyu za su sake karawa washegari da jibi, tunda jeri ɗaya wasa shida ne daga Talata zuwa Lahadi. Sokewar ba ta ba ni haushi ba. Shirun ne. Sannan a jimla ɗaya, goma saura minti goma, aka ce an tashi kuma babu wasan wuta, ba a ce a dawo da tikiti wata Juma'ar ba. Wasan wutar nan da shi aka sayar mana da daren, har kujerar ta fi ta ranar Talata tsada saboda shi. Wata yarinya kusa da mu, da safar besbol a hannunta tun shigowa, kuka ta fashe da shi.

A tagar tikiti aka nuna mana ƙananan rubutun da ke can ƙasan tikitin waya. Gaskiya yana nan. Ba a yi mana ƙarya a rubuce ba.

Wani abin da ya ƙara min zafi, wanda ya shafi masu salla: a tsakiyar bazararsu magariba tana faɗowa ne daidai tsakiyar wasa, kuma filin ba ya barin wanda ya fita ya dawo. Kafin ruwa ana samun lungu a ƙarshen baranda, da aka cunkushe kuwa ko wurin ajiye ƙafa babu. A zo da alwala da ƙaramar darduma da za ta shiga jaka mai nuna ciki, don babbar jaka ba ta wuce ƙofa. Abinci ma a yi tambaya, tsiran cikin burodin nan sau da yawa da naman alade a ciki. Gyaɗa mai ɓawo, gugguru da soyayyen dankali su suka riƙe mu, kuma da kati ake biya, ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Duk da haka ba zan ce kada a je ba, don zagaye biyar ɗin nan sun fi min wasanni da yawa da na kalla daga saman bene a manyan filaye. Amma a daren wasan wuta ba zan sake sayen tikiti mako guda kafin rana ba. Zan jira ranar, in duba taswirar hadari a waya da ƙarfe biyar, in karanta ƙa'idar ruwa ta ƙungiyar, in tambaya takamaimai ko tana rama wasan wutar da aka soke, in kuma zaɓi layukan sama da ke ƙarƙashin rufi maimakon layi na shida. Wannan filin dai, sai ranar Lahadi da rana in sama ta yi wasai. Wasiƙar ƙorafin da na aika musu ta imel yau kwana tara ba amsa.