Jirgi, tasi ko motarka: da me za ka koma gida bayan wasan Yankees na tsakar dare?

Daren 30 ga Oktoba 2024 ina tsaye a kan titin River Avenue a unguwar Bronx ta birnin New York, ni da ɗana da wani ƙanena da ya zo mana daga Newark. Tikitin shiga filin besbol na Yankees ya fi ƙarfin aljihunmu, don haka a wani gidan abinci da ke gefen filin muka kalli wasan. Yankees suna gaba da ci 5 da nema, sai Dodgers suka farke, suka tashi 7 da 6, suka ɗauke kofin World Series, wato na zakaran shekara, a gaban masu gida. Sai dab da sha biyun dare aka tashi. Mutum sama da 45,000 suka ɓarke daga ƙofofi lokaci guda, ran kowa a ɓace, kowa kuma gida yake nema. Ƙanena ya ciro waya zai kira mota, ya ga kuɗin da manhajar ta nuna masa, ya miƙo mini ya ce, "Yaya, duba mini, ko idona ne?" Ba idonsa ba ne.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini zai je kallon wasannin ƙarshen kaka na watan Oktoba, kafin in tambaye shi kujerar da ya saya sai na tambaye shi da me zai dawo. 'Yan'uwanmu na Zangon Kumasi da Nima da mutanen Nijar da ke zaune a Bronx da Harlem, yaransu a nan suka tashi, besbol ya shige musu jini, kuma iyaye ne ake ja zuwa filin.

Abin da ya kamata mai sayen tikiti ya fara ganewa shi ne besbol ba shi da minti 90. Zagaye tara ake yi, idan an yi kunnen doki a ci gaba har sai wani ya yi nasara. A 2023 an sa wa mai jifa agogo, wanda ya rage tsawon wasan kaka zuwa wajen awa biyu da minti arba'in. Akwai kuma dokar da ake ajiye ɗan wasa a tasha ta biyu, wato rabin hanyar cin maki, a farkon kowane ƙarin zagaye don a gama da wuri, amma wannan ba ta aiki a wasannin Oktoba. Shi ya sa a 2018 Dodgers da Red Sox suka yi zagaye 18 cikin awa 7 da minti 20, a 2025 kuma Dodgers da Blue Jays suka sake yin 18 cikin awa 6 da minti 39. Duk biyun a Los Angeles aka yi su. Ka ɗauko irin wannan wasan ka kawo shi Bronx, inda ake fara wasannin World Series bayan ƙarfe takwas na dare, ka ga sai wajen uku na dare za ka fito. Ga ruwan sama da kan tsayar da wasa awa guda. To duk abin hawan da za ka zaɓa, tambayarsa guda ce: zai jira ka?

Jirgin ƙarƙashin ƙasa shi kaɗai ne ke amsa wannan tambayar ba tare da in-ina ba. Ba ya rufewa, dare da rana, kuma kuɗinsa ba ya tashi don an yi yawa. Dala 2.90 ne tun 2023, ya koma dala 3 a farkon 2026, ka ɗora katin banki ko waya a kan na'urar OMNY ka wuce. Tashar 161 Street tana bakin filin, kuma layuka uku ne ke tsayawa a wurin: 4 da B da D. Ka cire B daga lissafinka, don da tsakar dare ba ya zuwa. Saura biyu, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure.

Layin 4 a sama yake, kan gadar ƙarfe, yana kallon kowa. Saboda haka duk baƙo can yake nufa, matakala ta cika, mutum ya yi ta tafiya taku ɗaya-ɗaya da kafaɗar wani a kumatunsa. D kuwa a ƙasa yake, sai ka sauka, kuma a ganina ya fi saurin kwashe mutane. Idan gabashin Manhattan ka nufa, ko tashar Grand Central, ko arewa ta bin Jerome Avenue zuwa Woodlawn, 4 ne naka, sai haƙuri. Idan kuma yammacin Harlem ne, ko Columbus Circle, ko titi na 34, ko kana bin Grand Concourse zuwa Tremont da Fordham, ka sauka ƙasa. Mu mazauna arewacin Bronx muna da wata riba da ba kowa ya lura da ita ba: tururuwar kudu take yi, wajen Manhattan. Jirgin da ya nufi arewa sau da yawa har wurin zama kake samu. A daren nan ni da yaro kafin ƙarfe ɗaya mun kai gida, ya kwanta da hularsa a kai, bai ce da kowa uffan ba.

Aibinsa dai sananne ne. Bayan tsakar dare jiragen kan yi nisa da juna, wani lokaci minti ashirin, 4 kuma yakan koma tsayawa a kowace tasha. Ga 'yan kallo da suka sha suka yi tatul, suna waƙa ko suna zagi, gwargwadon yadda wasan ya ƙare. Mai tafiya da mata ko ƙananan yara ya shiga taragon tsakiya inda kwandasta yake. Idan gidanka sai ka haɗa da bas, canjin kyauta ne matuƙar ba ka wuce awa biyu ba, amma bas ɗin dare ba abin dogaro ba ne, ka duba lokacinsa tun da rana.

Sai jirgin Metro-North, wanda tasharsa ta East 153rd Street aka buɗe a 2009, shekarar da aka buɗe sabon filin. Tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa ta kan gadar masu ƙafa. Wannan shi ne na mutanen Yonkers da White Plains da New Rochelle da Stamford, kuma a ranakun wasa ana ƙara jirage, a ɗaura tashin wasunsu da lokacin da wasan ya ƙare. Kujera mai laushi, ga bayi, ga natsuwa, zuwa Grand Central kamar kwata ne na awa. Kuɗinsa ya fi na ƙarƙashin ƙasa, kuma ya danganta da nisan garinka. Ka sayi tikitinka tun farko a manhajar TrainTime, don saye a cikin jirgi yana da ƙarin kuɗi. Amma ka riƙe wannan: Metro-North ba ya kwana yana aiki, ita kanta Grand Central ƙarfe biyu ake rufe ta. Mai wannan tikitin ba shi da damar tsayawa hira da ɗaukar hoto a bakin ƙofa bayan an tashi.

Mutanen New Jersey su ne a tsaka mai wuya, kuma ƙanena a cikinsu yake. Jiragen NJ Transit daga Penn Station suna da na ƙarshe, idan ya tafi sai asuba. Abin da ya cece shi PATH ne, jirgin da ke haɗa Manhattan da New Jersey ta ƙarƙashin kogi, wanda shi ma ba ya rufewa. Ya hau D zuwa titi na 34, ya shiga PATH a titi na 33, jirgin ya zaga da shi ta Hoboken kamar yadda yake yi da dare, ya canja a Journal Square zuwa Newark. Ya ce ya sha jira, ya sha sanyi, amma abin da ya kashe bai kai kuɗin tuwo biyu a Bronx ba.

Motar haya ta waya, irin su Uber da Lyft, farashinsu yana bin yawan masu nema ne, kuma babu lokacin da masu nema suka fi yawa kamar minti talatin na farko bayan tashi. Ga shi 'yan sanda kan toshe titunan gefen filin, direba yana can yana nemanka, kai kana nan kana nemansa. Tasi mai mita, rawaya ko koriya, ta fi gaskiya a irin wannan lokacin, don mita ba ruwanta da wa ya ci wasa. Akwai ƙarin dala ɗaya na dare da wasu ƙananan kuɗaɗe, sai kuɗin cunkoso idan ka shiga ƙasan titi na 96 a Manhattan, da wani kuma a ƙasan titi na 60. Matsalar samunta ce. Wani dattijon direba mutumin Tawa da muke sallah tare ya taɓa ce mini, "Malam, kada ka tsaya a bakin ƙofa, ba mai shiga wurin nan da motarsa da hankalinsa. Ka hau zuwa Grand Concourse, ko ka tsallaka gadar Macombs Dam ka faɗa Harlem, a nan za ka same mu." Na gwada, haka ne. Tafiyar minti goma ko sha biyar tana rage kuɗi da jira. Idan ku huɗu ne za ku raba, ko akwai tsoho mai ciwon gwiwa, mota ta cancanci kuɗinta. Mutum ɗaya mai lafiya kuwa asara ce.

Zuwa da motarka ba zan daɗe a kai ba. Kuɗin ajiye ta a ranar babban wasa ya ninka na jirgi fiye da sau goma, fita daga garejin kan ci lokaci, sannan ka faɗa cunkoson babban titin Major Deegan tare da kowa. Ribarta guda ce, kuma ba ƙarama ba: ko ƙarfe uku aka tashi tana nan inda ka bar ta. Mai komawa New Jersey ta gadar George Washington ba ya biyan kuɗin gada a wajen fita, a shigowa ake karɓa. Wasu kan ajiye motar a wata unguwa kusa da tashar 4 ko D, su ƙarasa da jirgi. Wannan dabarar ta fi, muddin ka karanta allon titin da kyau, kada ka dawo ka tarar da takardar tara a gilashi.

Masu bin ƙungiyar Mets a filin Citi Field da ke Queens lissafinsu ya fi sauƙi: layin 7 daga Mets–Willets Point ba ya rufewa, ga kuma jirgin Long Island, wato LIRR, na reshen Port Washington a gefe guda.

Ka tafi da waya cike da caji, don a cikinta tikitin shiga da na jirgi da kuɗin tasi duk suke, kuma ɗaukar bidiyo tun zagaye na farko yana cinye ta. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri ko da rana ta yi daɗi, iskar kogin Harlem a ƙarshen Oktoba ba ta da mutunci, musamman a kan dandamalin 4 da ke sama. Kuma ku yi magana da yaro tun a gida kan lokacin da za ku tashi idan wasan ya ƙi ƙarewa, ga makaranta da safe. Ni na yi wannan yarjejeniyar da nawa, ƙarfe sha biyu daidai. Ya amince, amma ya ce in dai an yi kunnen doki a zagaye na tara, ba da shi aka yi ta ba.