Tiyon ruwa mai hita da na yi hunturu biyu da shi a Kanada, ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a. Sati na ukku kenan da zuwa gida Katsina hutu, kuma na iske hunturu ya kankama, jiya da safe wurin mai shayi nan Ƙofar Ƙaura kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi ana ta faɗin bana abin ya yi yawa, hazo ya rufe gari ko fitilar mashin da ƙyar kake hangowa. Nan ne ɗan yayata da ke shirin tafiya Kanada aiki ya ce mani Kawu wai da gaske ne can ruwa na daskarewa cikin famfo? Na ce mashi da gaske ne ɗana, kuma tunda irin ɗakin da nake ciki kai ma za ka fara zama, bari in zauna in rubuta maka bayanin abin da ya fi yi mani amfani, wataƙila wani ma ya ƙaru.

Ni aikin gini nake kusa da Edmonton cikin lardin Alberta. Haya can akwai tsada, shi ya sa na sayi tirelar kwana ta hannu, wato ɗaki ne mai taya da ake ja da a-kori-kura, da gado da kicin da bayi duk ciki. Akwai fili da ake aje su kana biya duk wata, su ba ka soket ɗin wuta da kan famfo da ramin zubda ruwan datti, kai kuma ka jawo ruwa da tiyo daga famfon zuwa jikin tirelarka. Lokacin zafi lafiya lau. Da sanyi ya shigo a shekarar farko, wata asuba na tashi alwala na murɗa famfo ko ɗigo babu, na fita da tocila na iske tiyon ya sandare kamar rodi, da ruwan gora na yi tsarki da alwala ranar, kuma haka na kwana huɗu ina jido da jarka bayan na taso aiki a gajiye. Sanyinmu na nan da muke kuka da shi wajen digiri 12 ko 13 ne da asuba, ruwa kau sai an kai 0 yake daskarewa, kuma in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Duk wanda ya taɓa mance kwalbar zoɓo cike cikin firiza ya san yadda take ƙarewa, to haka yake yi wa fayif da mahaɗa da injin tura ruwa.

Wani dattijo Bature maƙwabcina da ya daɗe a filin shi ya ce in sayi tiyo mai hita. Tiyo ne na ruwan sha amma an bi jikinshi da wayar ɗumi an rufe da riga mai kauri, yana da filogi da kake jonawa a wutar can mai bolt 120, sannan akwai ɗan ma'aunin sanyi a gefe guda wanda shi ke kunna shi da kanshi in gari ya yi sanyi ya kashe in an samu sauƙi. Na ɗauki mai ƙafa 25, wajen mita bakwai da rabi kenan, kuɗinshi ya haura dala 150 ta Kanada, gaskiya sai da na juya kwalin a hannu na daɗe kafin in biya don in ka lissafa da naira abin ba kaɗan ba ne. Ɗaura shi ba wuya, ko minti goma ban yi ba, kuma ruwan ba ya warin roba, da shi nake shayi da girki.

Inda na tabbatar da shi shi ne Janairun 2024. Wanda ke Alberta lokacin ba zai mance ba, sanyi ya wuce 40 ƙasa da sifili a wajen Edmonton, har ranar 13 ga wata da dare aka turo saƙon gaggawa a wayoyin mutane ana roƙon a rage shan wuta don kar a kai ga ɗauke ta. Irin sanyin da gashin hancinka ke daskarewa kana jan numfashi. Wallahi cikin kwanakin nan duka tiyon bai daskare ba, in ka cire safar hannu ka taɓa shi za ka ji ba zafi yake ba amma da laushinshi, dusar da ta zubo bisa shi ma ta narke ta bar layi. A wannan ɓangaren ba ni da abin cewa sai yabo, ya ci kuɗinshi.

To amma duk da haka ruwa ya yanke mani a satin, kuma nan ne nake so mai saye ya buɗe kunne, don kwalin bai yi maka wannan bayanin yadda ya kamata ba kuma abin ya ɓata mani rai. Tiyon tsawon jikinshi kawai yake karewa. Kan famfon da ya fito daga ƙasa, da ƙarfen rage ƙarfin ruwa da ake ɗaurawa, da bakin da yake shiga jikin tirela, duk tsirara suke cikin iska kuma ƙarfe ne, su ke fara kamawa. Nawa a ƙarfen rage ƙarfin ruwan ya daskare, ɗan wuri bai kai tsawon yatsa ba amma ya hana ni ruwa gaba ɗaya, filtar tace ruwa da na bari waje kuma ta tsage. Sai da na sayi wayar ɗumi daban na naɗe wuraren, na bi da soson rufe fayif na ɗaure da salatif, na kifa bokiti bisa kan famfon don iska, filta kuma na maida ta ciki. Da sun ƙara tsawon wayar ɗumin ko taƙi ɗaya a kowane baki da sun ida aikinsu, a kuɗin da suke amsa ya ci a ce sun yi.

Abu na biyu ma'aunin sanyin nan. Dole ya zauna waje inda zai ji sanyin gaske, wani ɗan uwanmu ɗan Nijar da muke fili ɗaya ya cusa nashi cikin akwatin jikin tirela inda ɗumi ke kaiwa don yana ganin kare shi yake, ma'aunin ya ɗauka gari lafiya bai kunna ba, tiyon ya daskare har yana cewa jabu aka sayar mashi. Sannan ka auna nisan famfonka kafin ka saya don ba a yanke shi, kuma in ka kwance shi cikin sanyi yana da taurin naɗewa, in ka matsa mashi za ka lalata wayar ciki. Wuta kuma in ta ɗauke shi kenan ya koma tiyo kamar kowane, shi ya sa kullum jarka biyu na cike a cikin ɗaki.

Can ƙarƙashin tirela kuma wani yaƙin ne daban da tiyon ba ruwanshi da shi. Fayif da tankuna duk a ƙasan daɓe suke iska na ratsawa. Na zagaye ƙasan da allunan soso masu kauri na toshe ko'ina, kuma na koyi cewa hitar gas ta jikin tirelar ita ke hura ɗumi can ƙasa, in ka kashe ta don tsimin gas ka kunna ƙaramar hitar lantarki kai za ka ji ɗumi amma fayif ɗinka na can suna daskarewa. Gas ɗin ma da wuyar sha'ani, irin wanda ake amfani da shi can in sanyi ya kai wajen 42 ƙasa da sifili ba ya tashi daga silinda, tun kafin a kai nan ma ƙarfinshi ya ragu. Ƙofofin kabad na ƙasan wurin wanke-wanke a buɗe nake barinsu da dare. Tankin bayi da na ruwan wanka kuma a rufe sai sun kusa cika in juye lokaci guda, don in ka bar su suna tsiyaya kaɗan kaɗan a cikin tiyon datti za su daskare, kuma aikin narkar da wannan ba wanda zai so ya yi shi.

In ya riga ya daskare, buɗe famfon tukun sannan ka bi wurin da handiraya irin ta masu gyaran gashi a hankali, kana farawa daga bakin famfo, kana kuma duba ko wani wuri ya tsage kafin ruwa ya dawo da ƙarfi. Don Allah don Annabi kar a kusanto da wuta, fayif ɗin roba ne, jikin tirela katako ne da soso ga silinda kusa. Kuma kar sanyi ya sa ka kunna gawayi ko risho ciki ka rufe ƙofa. Mu nan mun san yadda kaskon wuta cikin rufaffen ɗaki ke kashe mutane da hunturu suna barci ba su sani ba, tirela ta fi ɗakin ƙasa ƙanƙanta da toshewa, ka tabbata na'urar da ke ƙara in iskar ta gurɓace tana aiki da batirinta.

Na ce wa ɗan yayar tawa ya saya, amma ranar da zai saya ya haɗa da wayar ɗumi da soson fayif da robobin mahaɗa ko guda biyar don sanyi na busar da su su fara yoyo, in ba haka ba rabin aiki ya yi. Ya ce Kawu to yanzu da ka taho wa ke duba maka? Na ce ba kowa, kafin in taho na kwance tiyon na tsiyaye shi na shigar ciki, na juye tankuna da tankin ruwan zafi, na bi fayif ɗin duka da ruwan hana daskarewa mai ruwan hoda wanda aka yi don tirelar kwana, ban da irin na lagireton mota don shi guba ne ba a kai shi kusa da ruwan sha. Tiyon dai hunturu biyu ya yi, rigar ta ɗan goge a wajen da take gugar dutse kusa da famfo na naɗe da salatif, in Allah Ya maida ni lafiya ƙarshen wata shi zan sake ɗaurawa.